Inda Aka Kwantar da Baba

Wudil,
12 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba. Ƙafar tawa da sauƙi, har na ajiye sanda.

Yaya, na samu kabarin.

Kin san ina kwance a Kudu aka yi jana'iza, bayan tirelar shanuna ta faɗi da ni. Kafin in dawo, ruwan Agusta ya bi maƙabartar ya shafe layi uku na kaburbura sumul. Na kai Baffa Haladu da Baffa Isyaku, su da suka sa shi da hannunsu, kowa ya nuna wuri daban. Ni da na fara da akuya biyu a kara har na gina gidaje shida, na rasa inda zan tsuguna in yi wa ubana addu'a.

Kin tuna Malam Zakka, Kiristan nan da ke haya a gidana, mai koyar da aikin safiyo a jami'a? Bara da mahaifiyarsa ta rasu, mako uku suka ajiye ta a mutuware kafin su binne ta da kiɗa da waƙa. Na faɗa masa ido da ido wannan wulaƙanta gawa ne. Shi ma bai raga min ba, wai binnewarmu cikin awa uku, kabari ba suna, kamar yar da mutum yake ganinta. Muka watse a kan kowa da gaskiyar garinsu. Na ma yarda da hakan, don na zaga ƙasar nan, na ga abin kunyar wani abin alfaharin wani ne.

Jiya da hantsi ya ce in biyo shi. Ashe ranar jana'izar ya bi sahun mutane, ya tsaya bayan katanga don kada ya ɓata wa kowa rai. Da ya ga ɗan mamacin ba ya nan, sai ya daidaita kabarin da giginyar gabas da falwayar bakin titi, ya rubuta ya ajiye.

Jiyan ma bai shiga ba. Daga bayan katanga yake nuna min da hannu, dama, hagu, tsaya. Na share laka kaɗan, sai ga gutsuren tulun da Baffa Haladu ya ce ya kafa wajen kai.

Yaya, nan na tsuguna. Wa ya sanar da Malam Zakka cewa bai kamata uba ya ɓace wa ɗansa ba? Ba a garinsu kaɗai ake sanin wannan ba, ba kuma a namu kaɗai ba. Allah da girma Yake.

Da na shafa addu'a na juyo, yana nan a rana, ya cire hula. Sai lokacin na tambaye shi sunan mahaifiyarsa. Saratu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Maikano.