Ranar da Na Tare Baba

Kwarin Iga, bayan yankan shinkafa

Zuwa ga Yayana Naoharu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Yaya Sao Paulo, yaya aikin gareji, yaya ciwon bayan nan naka da ka ƙi kai wa likita? Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Mu nan sanyi ya fara leƙowa, ganyen kan dutse ya yi ja. Gwaggo Tomie tana nan da bakinta, ta cika tulu da kabeji mai tsami tana cewa ba ta ba kowa. 'Yata Mayu kuma cikinta ya tsufa a can Sapporo, wata mai kamawa ake sa ran haihuwa. Ta gyara mini ɗaki a gidanta, har labule ta saka mai kalar da nake so.

Yaya, abin da nake gudu ya faru, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai. Ka tuna gwajin gidanmu. Ka durƙusa ka ba Baba baya, ido a rufe, shi yana tsaye da takobin katako. Ba ƙara za ka ji ba, niyyarsa za ka ji tun kafin ya sauke hannu, sai ka mirgina gefe. Wanda ya kauce shi ne magaji, magaji kuwa ba ya kwana a wajen kwarin nan, don shi ke ɗebo ruwan marmaro a ƙwarya kowace safiya ya ajiye gaban allunan sunayen kakanni. Kai dai ka sha ta a tsakiyar ka har Baba ya haƙura, ya ce kanka ya fi turmi tauri, ka tattara ka yi Brazil abinka. Ni aka bari a durƙushe.

Ka san sirrina tun zuwanka jana'izar Mama: ina jin niyyar nan ta Baba. Na yi shekaru ina jin ta, kamar an buɗe ƙofa a bayana sanyi ya taɓa mini ƙeya. Amma sai in daure in tsaya katakon ya same ni, don in na kauce, shi ke nan an ɗaure ni a gidan nan har kabari. To ka ga inda abin ya cukurkuɗe. Baba ya tsufa, jiri na ɗibarsa, likita ya hana shi ɗaga ko tukunya, shi kuma ya rantse ba zai ajiye takobin ba sai ya ga magaji. Kullum faɗansa ɗaya, wai mutane sun ɗauka ninja, gadon gidanmu, baƙin kaya ne da tsalle-tsalle don masu ɗaukar hoto, alhali aikin duka a zuciya yake, ka share ta fes har ka ji abin da ke cikin ta wani. Ya ce in wannan ya mutu a hannunsa, da wane ido zai kalli kakanni? In na kauce na rasa 'yata, in na ƙi ina kashe ubana a hankali. Wallahi na gaji, Yaya.

Ranar tunawa da kakanni aka sa gwajin bana, da hantsi. Tsofaffin ɗaliban Baba sun jeru jikin bango, har da Kuwahara mai sayar da awara, da wasu ma'aikatan ofis daga Osaka da ke zuwa ƙarshen mako su koyi zama da numfashi don barci ya ƙi su. Jakata na ɗaure a bakin ƙofa. Na ƙudura in sha dukana kamar kullum, in yi godiya, in hau jirgin ƙasa na yamma in tafi wurin Mayu, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Na durƙusa, na rufe ido. Na ji niyyar ta taso, na saki jiki ina jira. Sai kawai ta yanke. Bayana ya zama wayam, kamar babu kowa a ɗakin. Ban yi tunani ba, ban yi shawara ba, jikina ne ya juya da kansa. Ashe Baba ne zai faɗi, na tare shi a ƙirjina kafin kansa ya bugi bakin dakali. Duk wanda ke wurin ya gani da idonsa: na juya tun gwiwarsa ba ta lanƙwashe ba, tun takobin na sama.

Kuwahara ne ya fara magana, yana dariya yana share hawaye, ya ce, "Kai! Ashe 'yar banzar nan tana ji, ta bar mu muna ta tausaya mata!" Da Baba ya buɗe ido bai tambayi inda yake ba. Ya dube ni ya ce, "Kin ci, Chizuru." Na ce ai ba kaucewa na yi ba. Ya ce wanda ya ji sara ɗalibi ne, wanda ya ji rashinsa ya wuce malaminsa. Wai ma ya daɗe da sani, don kafaɗata kan saki kafin katakon ya iso, wanda ba ya ji kuwa ba ya sakin kafaɗa.

Likita ya ce jininsa ne ya sauka da gaske. Gwaggo Tomie ta taɓe baki ta ce, "Wannan tsohon? Tun muna yara makiri ne, ni na san ɗan'uwana." Na tambaye shi ido da ido ko da gangan ya faɗi, sai ya ce miyar yau gishiri bai ji ba. Ni da ake cewa ina jin zuciyar mutane, na kasa gane ta ubana.

Na kira Mayu na faɗa mata. Ta ce, "Ba komai, Mama, surukata za ta zo." Muryar ko rawa ba ta yi ba. Irin tarbiyyar gidanmu ce, ni na koya mata, kuma ban taɓa jin zafinta kamar ranar ba.

Yanzu ni ke hawa marmaro kowace safiya. Baba ya rataye takobin, yana cin abinci, yana barci har da minshari, rabon da in ga haka tun Mama na raye. Yakan ce zuciyar magaji ta kwanta kamar ruwan cikin ƙwaryar, amma ni kafin in iso gida rabi ya zube. Jakar tana nan a bakin ƙofa, na kasa kwancewa. Safar jariri kawai na ciro na kai gidan waya.

Ba cewa nake ka dawo ba, kana da taka rayuwar. Amsa ɗaya nake so, kuma kada ka lallashe ni: da kai ne a durƙushe, ka ji shi yana tafiya ƙasa, za ka iya tsayawa ba ka juya ba?

Ka gaishe mini da Anti Lucia da Kenzo da ƙaramar Emi. Gwaggo Tomie na gaishe ka, ta ce ka aiko da kofi ka daina alkawari. Baba ma ya ce a gaida mai taurin kai. In Mayu ta sauka ko daga Brazil ɗin za ka iya riga ni zuwa ganin jaririn, tunda kai ba a ɗaure ka ba, don haka ka ɗauke shi da kyau, ka faɗa masa yana da kaka a Iga.

Taka ƙanwa,
Chizuru