Ƙasar da na ajiye wa Gershon

Kagoma, 9 ga Satumba

Ɗana Gershon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yau na gane abin da ya faru. Malama Emilia ta kai ni ajinta, ta ɗora zare a kan taswira daga Cape Town, inda kake aiki, zuwa Abuja. Na ce, "Ashe da nisa." Ta ce, "Mama, jirginsa ma ba nan ya bi ba." Ta ja zaren gabas zuwa Addis Ababa. Awa shida da wani abu, in ji ta, kuma a sama waya ba ta shiga.

Sai na zauna a bencin yara.

Ni na ɗauka tunda duk Afirka ce, kamar Kafanchan zuwa Jos ne in a jirgi. Da wuta ta lalace a ɗakin ajiye gawa aka matso da bison Babanka, na kira ka sau tara, wayarka a kashe. Na ce faɗanka da Baba ne ka riƙe har kabari. Shi ya sa na aika maka saƙon muryar nan, na ce kada ka zo, ba ka da uba ba ka da uwa. Ashe kana sama kana zuwa.

Na yi kuka, amma zuciyata ta sauka. Ba ƙin sa ka yi ba. Ka yafe mini. Emilia za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura, tunda ba ka ɗaga wayata.

Mamarka,
Afiniki

Cape Town, 14 ga Satumba

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki?

A Addis Ababa na kunna waya. Saƙon Kawu Nelson, ƙanin Baba, ya fara shigowa, an riga an rufe Baba. Sai naki. Saura awa biyar kawai in sauka Abuja, amma na kasa shiga jirgin. Na juyo da rigar da na saya wa Baba a jaka.

Ba fushi ya hana ni ɗaga waya ba, kunya ce. Ni ne ɗan fari, ni ya kamata in fara zuba ƙasa. Wani ya zuba. Me zan zo in yi yanzu?

Ɗanki,
Gershon

Kagoma, 16 ga Satumba

Gershon,

Sannu da aiki. Ƙafa da sauƙi.

Ji wannan yaro! Duk da bakina ya yi zafi ranar, hannuna bai bi shi ba. Kafin a fara zubawa na ɗebi ƙasar farko a kwanon tuwon Babanka. Nelson ya ce, "Matarmu, wa za ki dafa wa wannan?" Na ce ya kama kansa. Kwanon yana ƙarƙashin gadona.

Ka zo da rigar, Nelson zai sa, duk da cikinsa.

Mamarka

Cape Town, 17 ga Satumba

Mama,

Na samu hutu. Zan taso ashirin ga Disamba. In kin ji waya a kashe, ina sama ne.

Gershon

Kagoma, 18 ga Satumba

Ɗana,

Na gode wa Allah. Na karɓi zaren wurin Emilia, ba zan sake mantawa ba. Allah ya kawo ka lafiya.

Na hana su sa siminti. Kabarin yana nan yadda yake, saura ƙasarka.

Mamarka,
Afiniki