Latas ɗin Oma Gesine

Leer, 19 ga Mayu

Zuwa ga kakata abar ƙaunata, Oma Gesine,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Yaya ƙugun naki, ya fara barin ki ki taka? Da fatan ma'aikatan gidan tsofaffin suna haɗa miki shayi da kauri yadda kike so. Ni da Mama muna lafiya.

Latas ɗinki ya fito, Oma, mai jan bakin nan da mahaifiyarki ta bar miki irinsa. Ina tsinkar ganyen gefe kawai ina barin zuciyar, kamar yadda kika koya mini. Jiya na yi mana shi da kirim da sukari. Mama ta ce ganye dai ganye ne, amma sai da ta ƙara.

Na kafa wa guda shida sanda, su ne zan bari su yi kara su yi fure saboda iri. Na jera su a jikin shinge, ta inda Onno, ɗan shugaban ƙungiyar masu lambu, yake wucewa da kekensa. Sau biyu ya ce mini sannu. Kada ki yi dariya.

Jikarki,
Wiebke

Leer, 11 ga Agusta

Oma,

Ina gaishe ki, ina fatan jikin da sauƙi. Na san kin ji ni shiru. Takarda uku na yaga kafin wannan.

Mako uku da suka wuce 'yan kwamitin ƙungiyar suka zagaya duba lambuna, suka maƙala mana takarda a ƙofa, wai fegenmu ya koma daji. Latas shidan nan sun kai ƙirjina, furen ya fara zama farin gashi. Kwana goma kawai ya rage irin ya nuna. Na faɗa wa Mama. Ta ce ita da ke aikin asibiti har Asabar ba ta da lokacin jin kunya a gaban su Tjaden na kwamiti saboda ciyawa.

Ranar aikin gayya sai ta roƙi Onno ya taimaka a tuge su. Ina tsaye a wurin, Oma. Ya dube su ya ce, "Wiebke, latas kuke nomawa ko itacen Kirsimeti?" Ya gutsiri ganye ɗaya ya tofar, ya ce mai cin wannan ba ya buƙatar magani. Ke kin san in ya yi kara dole ya yi ɗaci, ba don ci aka bar shi ba. Kalma ɗaya ce a bakina, bari. Amma karo na farko ke nan da ya kira sunana, sai na ji kaina ina dariya. Na riƙe masa baro yana tugewa. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri ne saurayi yake ganin hawayen yarinya ya tsaya. Shi tambayata ya yi ina tulin takinmu.

Saura abin da ko Mama ba ta sani ba sai daga baya. Kullum kina cewa a shuka rabin iri a ajiye rabi. Ni duka na juye a watan Afrilu, don ina so jikin shingen ya cika ya ja ido. Ambulan ɗin irin da kika rubuta shekara a bayansa babu komai a ciki.

Ranar da aka tuge su na koma da yamma na zaro kara biyu daga cikin taki, na rataye su a rumfa kai ƙasa cikin jakar takarda. Abin da ya zubo na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai sanyi. Yau kwana takwas. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba.

Jiya Mama ta shigo da fakitin irin latas na kanti, mai jan ganye. Ta juye shi a ambulan ɗinki, ta miƙo mini biro in rubuta shekarar bana, wai hannuna kika sani. Ta ce, "Idonta ba ya gani sosai, 'yar nan, kuma ba sake shuka za ta yi ba. Bar ta da farin cikinta." Na rubuta, Oma. Wannan ma ban iya cewa a'a ba.

Ranar Lahadi za ta kawo miki shi. Ba namu ba ne. Ki karɓa ko ki mayar mata, yadda kika ga dama, amma ban yarda ki sa shi a gwangwanin iri na mahaifiyarki ba. Ni ba zan zo ba.

Onno ya wuce ɗazu ya ce fegen ya yi kyau yanzu. Na ce na gode.

Jikarki,
Wiebke