Kwana Saba'in da Uku

Laraba, 22 ga Jimada Akhir

Yau kwana arba'in cif, babu komai. Kakata Dadi ta ce duk wata jinin zai riƙa zuwa. To ina yake? Duk abin da na gani ɗan tabo ne mai duhu a wandona, safiya biyu, shi ke nan. A kan wannan aka yafa mini ƙaton mayafi, aka ce na girma, aka hana ni hawa saman soro wai maza na hangowa. Tantabarun da yayana Bhai Waqas ya bar mini amana da zai tafi Karachi suna can sama, ni ina ƙasa ina jin kukansu. Ammi ce ke watsa musu gero in ta tuna. Ko farar, Chitti, ba ta iya bambantawa da baƙin, Kalu.

Asabar, 25 ga Jimada Akhir

Ina tsakiyar hadda wani tunani ya faɗo mini, har na tsallake aya, malamarmu Apa Kausar ta buga sanda a benci.

Wa ke kwana kusa da ni? Rimsha, 'yar baffana Chacha. Wa ya fara ganin tabon? Rimsha. Wa ya ruga wurin Dadi tun kafin in gama murza ido? Ita dai. Bara ranar walimar sauka na matse mata rumman a bayan farin wandonta, ta koma gida tana bin bango kamar ƙadangare. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ta rantse sai ta rama ko bayan shekara goma. Kuma makon da abin ya same ni Chacha ya kawo rumman kwando guda. Na tuna sarai.

Lahadi, 26 ga Jimada Akhir

Rimsha ta miƙo mini shayi tana murmushi. Murmushin me?

Juma'a, 2 ga Rajab

Mahaifina Abbu ya ce tun da ba mai kula da tantabarun, ƙarshen wata zai ba maƙwabcinmu su. Mutumin da ke cin nasa in ya yi baƙi! Na ce ni zan kula. Dadi ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce budurwa ba ta hawa soro.

Ita ma ta fara yi mini kallon ƙasa-ƙasa. Ɗazu na kama ta tana bincika kayan wankina. Ta tambayi Ammi a hankali ko na taɓa tulun mangwaron da aka jiƙa da yaji da mai, ko na wanke kai da ruwan sanyi a kwanakin nan, wai shi ke ɗaure jini. Na wanke. Ban faɗa ba.

Talata, 6 ga Rajab

Na tsaya bayan an tashi, na tambayi Apa Kausar, na ce wata ƙawata ce. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce a karatunmu abin da bai kai kwana uku ba ba a ƙirga shi haila. Daga nan ta ƙara da cewa masu farawa yakan zo musu kaɗan, ya ɓace wata biyu ko uku, sai jiki ya saba yake daidaita, in ya daɗe ƙwarai ko da ciwo a je asibiti. "Ki gaya wa ƙawar taki ta yi magana da mahaifiyarta, Shumaila," in ji ta. Yadda ta ja "ƙawar" ɗin bai yi mini ba.

Bai kai kwana uku ba. Wannan na riƙe. Sauran kuwa, ai Rimsha ce ke share mata ɗaki, wa ya san abin da suka tattauna.

Alhamis, 8 ga Rajab

Na ɗana wa Rimsha tarko. Muna liƙa kashin shanu a bango don ya bushe a hura wuta da shi, na ce, kamar da wasa, ashe rumman in ya bushe a tufa baƙi yake yi. Ta ce ni ce malamar wannan fanni, in tambayi kaina. Sai ta ce nata ma da ya fara wata uku ya yi bai dawo ba, ta yi ta kuka a banɗaki tana zaton wata cuta ce. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai yau. Dama mai laifi da shirinsa yake yawo.

Amma kunnenta bai yi ja ba. In tana ƙarya yakan yi.

Asabar, 10 ga Rajab

Na kai ƙara. Na jera wa Dadi komai: rumman, rantsuwar bara, maganar Apa, rabin farko dai. Sai na ga kamar an sauke wa Dadi dutse, ashe tsoro take ji ko wani abu ya lalace a cikina. Ta kira Rimsha. Rimsha ta rantse, ta sake rantsewa, har ta nufi Alƙur'ani, Dadi ta ce kar ta kuskura. Takalmi biyu ta sha a baya, kuma aikin kashin shanun mako guda nata ne ita kaɗai.

Da za ta wuce ni ta ce, "Ni fa zani na rufa miki a ranar, jaka." Ba ta ɗaga murya ba.

Lahadi, 11 ga Rajab

Soro! Chitti ta sauka a kaina. Kalu ya rame. Abbu ya ce a bar mini su, tun da ni yarinya ce har yanzu.

Juma'a, 16 ga Rajab

Rimsha ta ja gadonta zuwa wancan bangon. Na sa mata busasshen barkono a takalmi don ta zage ni, ta zazzage shi ta saka ta fita. Hannunta duk ya tsage da sanyi. Ba ni na ce ta yi rantsuwa bara ba.

Litinin, 26 ga Rajab

Bayan azahar, ina sama ina canja musu ruwa, marata ta riƙe. Na sauko na duba.

Babu rumman a gidan nan, lokacinsa ya wuce. Rimsha kuwa tun safe tana gidan kakanninta.

Kwana saba'in da uku.

Talata, 27 ga Rajab

Ba wanda ya sani. Na yayyaga tsohon ɗankwali. In na yi shiru, soro nawa ne, tantabaru nawa ne. Da asuba na tsaya bayan Dadi a kan sallaya ina motsa baki ba na faɗin komai. A makaranta na ce kaina ke ciwo. Apa ta miƙo mini Alƙur'anina, na sa hannu cikin mayafi na ce sanyi nake ji. Ta daɗe tana kallona. Ta mayar da shi kan kanta da hannunta.

Na sha yi wa mutane wasa. Wannan ban san wa nake yi wa ba.

Wannan karon ba ɗigo ba ne. Ɗankwalin ya kusa ƙarewa.

Laraba, 28 ga Rajab

Na sami Rimsha a bakin famfo tana wanke tukunya. Na tsaya, na tsaya. Na ce, "Baji." Ban taɓa kiranta yaya haka ba, shekara ɗaya kawai ta ba ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga yadda na tsaya. Ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsummoki masu laushi, ta nuna mini yadda ake ninkawa. Ta ce kar in ɗauka wata mai zuwa zai zo a ranarsa, in riƙa yawo da ɗaya a jaka kullum.

Na ce za ta faɗa wa Dadi?

"Na taɓa faɗa sau ɗaya," in ji ta. Ta koma kan tukunyarta.

Ni na faɗa, bayan la'asar. Dadi ta dubi takalminta, ta dubi Rimsha, sai da aka zo cin abinci ta tura mata man shanun da ke kan gurasarta.

Ban hau ba yau. Ba don an hana ni ba, ba a ma kai ga maganar ba tukuna. Marata ce ke ciwo. Na ce wa Ammi Kalu ba ya cin gero in ba a jiƙa ba, ta faɗa wa maƙwabcin, tun da na san wurinsa za su koma.