Hantar Layya da Na Hana Takwararki

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa irin ta addini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Ni ce Hadiza, 'yarki tela ta unguwar Wadata. Da magana na zo, kuma gara ki ji ta daga bakina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Babbar Salla na yi abin da dangi suka kira rashin kunya. Kin san al'adar gidan ƙanenki, Kawu Idi, wanda yanzu shi ne surukina: ana yanka rago, kafin a gicciye shi a bakin wuta, sai a gasa hanta, shi da kansa ya bi yara yana ba su. Ya miƙa wa jikarki mai sunanki, wadda muke kira Ummi. Na sa hannu na karɓe daga hannunta a gaban kowa. Ta yi kuka, ni kuwa ban mayar mata ba.

Kin tuna Sani, yayana? Idonsa ya yi rawaya, ciki ya kumbura, hannu ya kama rawa har ba ya iya riƙe kofin shayi. Aka ce shawara ce, aka ce sammu ne. Ke kuma kullum safe kina kasuwar Petit Marché wajen mahauta, kina zaɓo masa hanta mai ɗumi. Kina cewa, "Hanta ke gyaran hanta." Ni da nake ƙarama har kishinsa na yi. Ya rasu bai cika ashirin ba, rigar sallarsa tana hannun tela.

Bara idon Ummi ya fara canja launi. Ban tsaya shawara da kowa ba, na ɗauke ta sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka haska idonta, likita ta nuna mini wani zobe ruwan ƙasa a gefen baƙin idon. Ta ce ciwon gado ne. A cikin abinci akwai ɗan sinadarin jan ƙarfe da jikin kowa ke fitarwa, amma hantar Ummi ba ta iya fitar da shi, tara shi take har ya cinye ta. Ni na ba ta rabin gadon, babanta ya ba ta rabi, tunda jininmu ɗaya. Sannan ta lissafa abin da ba za ta ci ba, kuma hanta ce a kan gaba.

Inna, a nan na tuna hantar da kike ba Sani, na fita waje na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Ban zo in ɗora miki laifi ba. Da abin da kika sani kika yi yaƙi, kuma ban taɓa ganin uwar da ta yi kamarki ba. Amma ni an faɗa mini, ba ni da uzurin da kike da shi.

Yanzu Ummi na shan magani kullum, kuma sha ne na har abada. Ranar da na tambayi likita ko babu na warkewa, sai ta ba ni labarin ɓeraye. Wai a wasu ƙasashe masu bincike na kiwon ɓerayen da aka haifa da irin wannan ciwo. Sukan ɗauki ƙwayar gado mai lafiya, su ɗora ta a kan wata ƙwayar cuta da aka cire wa dafi, su yi wa ɓeran allura, ita ta kai saƙon cikin hanta. Wasu kuma ƙwayoyin hanta masu lafiya ake dasa musu. Sai hantar ta koma aikinta. Ni da nake tela na gane nan take: an yanka zanen rigar a karkace, su kuma sun samo yadda za a gyara shi daga ciki. Likitar ba ta yaudare ni ba. Ta ce ɓera ba mutum ba ne, aikin da sauran tafiya, kuma ba ta san ranar da zai iso Yamai ba. Ta ce aikina shi ne in tsare hantar yarinyar nan har ranar.

Da na kai wa Kawu wannan bayani, dariya ya yi har da riƙe ciki. Yanzu daga Zongo har Wadata sunana "mai jiran maganin ɓera". Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce na hana jikarsa albarkar layya, kuma kada in sake taka gidansa sai na kawo ta ta ci a gabansa. To, Inna, ba zan kai ta ba. Ƙaddara na yarda da ita, amma Wanda ya saukar da cutar Shi ya ce a nemi magani, kuma bai ce ba za a fara samunsa a jikin ɓera ba. Su yi ta dariya. Na ga inda waccan hanya ta kai Sani, ni ce na karɓo rigarsa daga wajen tela.

Ina kewarki, Inna. Na san da kina nan za ki harare ni a gaban mutane, ki ja ni ɗaki ki ce in sake yi miki bayanin ɓerayen a hankali. Kuma na san washegari ke za ki tsaya a ƙofar Kawu.

Ummi shekararta tara. Rigar sallar bana ni na ɗinka mata, na bar lanƙwasa taƙi guda a ƙasa, na bar wata a hannun rigar. Matar Kawu ta gani, ta ce ɓarnar yadi ce. Zan warware ɗinkin nan baɗi, in ƙara warwarewa baɗin baɗaɗa, har rigar ta yi mata kaɗan.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Sani a Aljanna. Allah ya yi wa hannuwan masu binciken nan albarka, ko ba su san da mu ba. Ya raya mini takwararki har ta tsufa. Amin.

'Yarki mai taurin kai, irin naki,
Hadiza