Ciyawar da Baba Ya Nome

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Yaya Yaya da iyalinsa? In shi ke karanta miki wannan, don Allah ya karanta duka, kada ya yi tsallaken nan nasa.

Aikin idon Baba ya yi kyau, alhamdulillahi. An cire yanar, har zare yake zura mini a allura don ya nuna mini ya warke. Sai dai Inna, buɗewar idon nan ta jawo mana abin da ban san yadda zan faɗa miki ba.

Ba ki taɓa zuwa ba, bari in kwatanta miki. Tsakanin bayan gidanmu da teku akwai tudun yashi, wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe shi, kamar duman rafi, mai fure ja-ja. Baba na fara gani sosai ya hau ni da faɗa, wai shi bai haifi ragguwa ba, ya za a yi ɗiyar manomi ta bar daji a bayan ɗakinta, macizai na kwana a ciki. Dariya na yi, na ɗauka mitar da ya saba ce.

Ranar da muka tafi kasuwar kifi ni da surukata, Iya, ashe ya ari fartanya a maƙwabta. Kin san Baba da fartanya. Kafin mu dawo ya nome tudun nan tas, ya tono saiwoyin, ya tara ya cinna wuta. Muka same shi yana sharce gumi yana murmushi, yana jiran a ce masa sannu da aiki.

Iya dai zama ta yi daɓas a ƙasa da kwandonta. Sai da ta nutsu ta gaya masa ciyawar nan ce ke riƙe da yashin, yashin kuma shi ya tare mana teku. Da ganyenta take ɗaure kumburi, da shi ake murza wa masunta in abin ruwan nan mai kama da leda ya harbe su. Har rai-ɗoren da take dafa mana na zazzaɓi bai tsira ba.

Ki sa mu a addu'a, Inna. Hankalina a tashe yake.

Ɗiyarki,
Auta

*

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari? Saƙon kayan yajin ya iso, Allah ya ƙara girma.

Kin ce in sako miki mijinki a mota tun bai nome teku ba. Wallahi na yi dariya har da ƙwalla, amma nan babu mai dariya. Iskar damina ta fara, yashin ya tashi tsaye. Yana cikin tukunya, yana cikin shimfiɗa, har a haƙori muke jin sa. Tudun da yake ɓoye mana ruwa, yanzu daga madafa ina hango igiyar ruwa. Iya ta ce in wata ya cika ruwan teku zai taso sama, a nan za mu san matsayinmu, kuma ɗakinta ne na farko a hanya.

Maigidana bai ce wa Baba uffan ba. Yana gaishe shi da ladabi ya wuce gyaran injinan kwale-kwalensa, da yamma ya dawo ya yi ta cika buhuna da yashi yana jerawa. Ni shirun nan ya fi faɗa ciwo. Maƙwabta kuwa sun sa wa Baba suna, Sarkin Noma, kuma a gabansa suke faɗa.

Baba ya daina cin abincin kirki. Kwanakin baya ya cire hula ya je ya durƙusa wa Iya, ya roƙe ta ta nuna masa inda za a samo irin ciyawar. Suka yi nisa a bakin ruwa suka yanko reshe-reshe. Ta nuna masa a kwantar da su kawai a binne gaɓoɓin, shi kuma ya nace sai ya ja kunya-kunya kamar na gero. Suka yi ta musu, ta ƙyale shi. Kullum yana can da bokiti yana ban ruwa, yana korar awaki, ga likita ya hana shi shiga iska da ƙura. Na yi magana har na gaji.

Ki gaida kowa.

Taki,
Auta

*

Inna,

Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya. Mu ma da ranmu da lafiyarmu, wannan shi ne na farko, ki kwantar da hankalinki.

Ruwan ya zo. Ya haye buhunan kamar babu su, ya wanke shukar Baba, ya ci katangar baya, ya zubar da ɗakin Iya. Mun riga mun fitar da ita da kayanta, amma a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a ciki ta haifi maigidana, a ciki ta yi jinyar mijinta har ya rasu. Tana tsaye tana kallo bangon ya kwanta. Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata.

Baba ya zo ya tsaya a gabanta. Ita kuwa ta ɗauko kwandonta ta miƙa masa, ta ce ya zo su tafi yankan wasu rassan tun ƙasa na da laima, kuma wannan karon ba kunya-kunya. Ya bi bayanta yana share idon da aka yi wa aiki da gefen riga.

Yanzu Iya tana ɗakinmu, Baba yana zaure. Na ce masa damina ta kankama a gida, ya koma gonarsa, mu za mu ƙarasa. Maigidan ma ya buɗe baki ya roƙe shi. Baba ya ƙi. Iya ta ce kafin ciyawar ta kama tudun sosai sai an shekara.

Don haka ga saƙonsa, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Ki ba Yaya gonar bana, da irin geron da ke rataye a rumbu. Ki daina shimfiɗa masa tabarma da yamma. In mutanen gari sun tambayi abin da ya riƙe shi, kada ki ɓoye, ki ce yana can yana shuka ciyawa.

Ki yi haƙuri, Inna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗiyarki mai kewarki,
Auta