Ƙofar da Inna Ta Hana a Ɓalle

Zuwa ga Mai Girma, Sarkin Tukwanen Jirgin Ruwa, Uban Dawakin Albasa da Tattasai, Magajin Zauren Gidanmu na Takanamat, Babban Jakadan Adar a ƙasashen da rana ba ta taɓa ƙasa, wato Yaya Asumana, a duk inda wannan wasiƙa ta riske ka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ke cika rumbu har ta tumbatsa, da durƙuso gwiwa biyu kamar yadda ya cancanci ƙarami a gaban babba, ina sanar da fadarka cewa mai rubutun nan ƙaninka ne Iliya, wanda ka naɗa wa sarautar Sarkin Baki tun yana lakwal, wato makarantar boko. Daga Tawa nake rubutawa. Na liƙa wasiƙar a shafina na intanet, inda kowa zai leƙa ya karanta, domin na rasa adireshin da zan sa a bayan ambulan. Ka gafarce ni da wannan tallar, na san ba ka son a ji sirrinka a kasuwa.

Labarin gida, sai godiya. An gama sassabe, hadari ya fara taruwa daga gabas. Ɗiyarka Rabi ta shiga lakwal, ta iya rubuta harafin farko na sunanka, tana zana shi a ƙasa da tsinke. Matarka Zainabu tana nan. Inna tana nan. Ɗakinka na bakin zaure ma yana nan a rufe, da kwaɗon da ka danna masa ranar da ka tafi biɗa, wato neman arziki a nesa, ka zura makullin a igiyar layarka, ka rataya a wuya, kamar yadda duk matafiyin garinmu ke yi.

Ka tuna lokacin da ka kira ni ka ce in baro zaman banza in zo Kwango, jirgin da kake dafa wa abinci yana neman mai wanke kwanoni da zuba shayi? Na amsa da jawabi mai tsawo a kan darajar aiki. Ka bari na gama, ka ce: "In ka ƙare huɗuba, ka taho da barkono."

Ranar da na fara ganin kogin, duk manyan kalmomina suka gudu suka bar ni. Ni da na tashi ina jan guga daga rijiyar da ba a hango ƙasanta, sai ga ruwa shimfiɗe, ja kamar shayin farko, yana tafiya abinsa ba mai tsaronsa. Jirgin hawa biyu ne. Baƙi a sama, Turawa masu madubin hangen nesa da manyan huluna, mu a ƙasa kusa da inji, tare da gawayi da buhunan shinkafa da wani tsohon aku mai karyayyen fiffike, wanda direban jirgin ya ce ya girme shi a aiki.

Muka yi ta haurawa kwana da kwanaki. Garuruwa suka ƙare, sai ƙauyukan masunta. Su ma suka ƙare. Waya ta daina kamawa. Muka shiga dajin da gwamnati ta killace, inda ba a sara, ba a harbi, ba a sauka sai da izini. Itatuwa suka taso dama da hagu kamar katangar birni, sai dai katangar tana numfashi. Da safe hazo ke fitowa daga cikinta, da rana ruwan sama, kuma a kowane lokaci akwai wani abu da ke kuka a ciki wanda ba ka ganinsa. Baƙi suna ta murna in sun hango biri ko kada. Kai kuwa ka ɗaga kai ka nemi rana ka rasa, ka ce: "Ƙasar ga ba ta da gabas."

Gaskiyarka. Mukan tayar da salla muna fuskantar alƙibla, kogi ya karya kwana, mu sallame muna kallon inda muka ba baya. Ka ce Allah ya san da zaman kogin, shi ya halicce shi a karkace, amma na ga abin yana cin ranka.

Ma'aikatan jirgin sun sha yi maka dariya a kan alwala. Ga kogi a ƙarƙashinka, amma sai ka ɗebi rabin buta, ka ɗiga a tafin hannu kamar mai auna turare, ka gama har da saura. Na taɓa yi maka bayani cikin ladabi cewa a nan ruwa ba ya ƙarewa. Ka ce: "Hannuna bai iya zuba hiye da haka ba, Iliya. Ji nike Inna na kallona."

Sai maganar makewayin jirgi. Wani akwatin katako ne jingine da madafa, mai rami a ƙasa, ramin kuma kai tsaye cikin kogi. Ka duba shi sau ɗaya ka rufe. Ka ce kai ba za ka tsuguna inda mutane ke jin motsinka ba, kuma ba za ka ɓata ruwan da ake sha ba, ko da ya kai faɗin duniya. Shi ya sa kake daurewa, sai jirgi ya tsaya a gaɓa ka ɗauki butarka. Shekaru kana haka a tashoshin da ke da gonaki da hanyoyi. Wannan karon ne kawai aka kai jirgin can ƙurya.

Da hantsi muka tsaya a sansanin masu gadin daji. Baƙi suka bi masu jagora zuwa wani fili inda giwaye ke zuwa lasar gishiri. An gaya wa kowa, da Faransanci da yaren ƙasar, kada a wuce bakin sansanin ba tare da ɗan jagora ba. Ka ji. Amma wane ɗan Adar ne zai nemi rakiya zuwa zagayawa? Ka ɗauki butarka ta roba, ka ce: "Ka kula da shinkahwa, kada ta kama." Ni kuma na ce ka isar da gaisuwar fada ga sarkin giwaye. Ka yi tsaki kana murmushi, ka shiga tsakanin itatuwa biyu.

Yaya, na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ga abin da na fahimta. A gida, in mutum zai zagaya, sai ya wuce rumbunan ƙarshe, ya wuce gawon nan na bakin gona, ya yi ta tafiya a kan faƙo har mutanen zaure su koma kamar tururuwa a idonsa. Tazarar kunya ke nan a wurinmu, kuma ƙafafunka sun haddace ta tun kana yaro. In ya gama, ya juyo, ga hasumiyar masallaci can tana jiransa, ga sawunsa a rairayi yana nuna masa gida. A dajin can taku kaɗan ya isa ya ɓoye mutum. Kai kuwa ka yi tafiyar da ka saba. Ka juyo, babu hasumiya, babu rana, ganyen da ka taka ya riga ya miƙe.

Shinkafar ba ta kama ba. Na tsaya a kanta har ta nuna, na sauke, na rufe. Ina so fadarka ta san da wannan.

Da aka ga ba ka dawo ba, aka yi ta busa ƙahon jirgi. Masu gadi suka bazu da mutanen dajin da suka iya bin sawu, suna dukan saiwoyin manyan itatuwa da kulki, ƙarar na tafiya kamar ganga. Na kira sunanka har murya ta dushe. A Adar in ka yi kira daga wannan tudu, ana amsa maka daga wancan. Can kuwa sunanka yakan fita daga bakina ya faɗi nan gabana, kamar na yi magana cikin bargo.

Washegari suka sami butar. Tana zaune daram a kan wata saiwa, ba ta karkace ba, kamar wanda ya ajiye ta zai dawo yanzu. Babu jini, babu yagaggiyar tufa, babu takalmi. Da saura ruwa a ciki. Masu bin sawu suka bi karyayyun ganye har bakin wani ƙaramin rafi, daga nan suka tsaya suna kallon juna. Jirgi ya jira iyakar abin da zai iya, masu gadi suka yi alkawarin ci gaba da nema, kuma na yarda sun nema. Muka juyo.

A hanyar dawowa ne akun nan ya fara. Ina wanke kwanoni sai na ji, da muryarka sak, har da ɗan tarin da kake yi kafin magana: "Iliya, kawo ruwa!" Na amsa na'am, na cika moɗa, na juyo. Yana tsaye a kan buhun gawayi yana kallona da ido ɗaya. Haka ya yi ta yi har muka fito daga dajin. Direba ya so ya rufe shi da ƙyalle, na roƙe shi ya bari. Kowane kira sai na kawo ruwan. Ban san wa zan ba ba, sai in ajiye a inda kake zama.

Na zo gida da butar, na toshe bakinta da leda don kada ruwan ya zube a mota. Na shirya jawabin da zan yi wa Inna tun daga kan iyaka, mai gabatarwa da tsakiya da kammalawa. Ta karɓi butar, ta girgiza ta, ta ji motsin ruwan. Ka san ba ta taɓa kama sunanka ba, kai ne ɗan fari, to ko a ranar ba ta kama ba. Ta ce: "Makullin fa?" Na ce yana wuyanka. Ta ce: "To, mai ɗaki na da makullinai. Shi zo shi buɗe abinai." Jawabina ya mutu a nan.

Tun daga ranar, butar tana bakin ƙofarka. Kullum Inna tana zuba mata ruwa, rabi, ba ta cikawa. Da la'asar takan share gaban ƙofar, ta baje rairayi da tafin hannu har ya yi sumul, da safe ta fito ta duba. Sawun kaji take samu, wani lokaci na Rabi. Ta share, ta sake bajewa.

Mutanen Zainabu sun zo daga Bambeye, ba sau ɗaya ba. Sun yi maganar cikin mutunci: ko dai ta shiga takaba, a yi maka addu'a, ta san matsayinta, ko a gaya musu abin da ake jira. Malamai sun ce akwai hanya a shari'a. Zainabu ta ce ba za ta riga Inna ba. Inna ta ce muddin kwaɗon nan yana rufe, mai shi yana kan hanya. Haka Zainabu ke zaune, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, tana daka tana kallon ƙofa. Ta rame, Yaya. Ba ta ce in gaya maka ba.

Ni ma ban dawo duka ba. Abokaina na fada, wato majalisar shayinmu a Tawa, sun ce bakina ya ragu. In na fita bayan gari, ko a kan faƙon da ake hango jaki daga nesa, sai in riƙa waiwaye ina tabbatar da gari yana nan. In an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, warin ganyen can nake ji. Ba na ganinka a mafarki. Kogin nake gani, yana karya kwana, ina jiran abin da ke bayan kwanar, sai wata kwanar.

Ina kewarka, Yaya. Na nemi babbar kalmar da zan sa a nan, babu.

Allah, in bawanka Asumana yana raye a wani ƙauyen da waya ba ta kai, Ka ba shi lafiya, Ka buɗe masa sama ya ga rana, Ka nuna masa gabas. In kuma Ka riga Ka karɓe shi, Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa shi inda koguna ke gudana kuma ba a ɓata. Ka sanyaya zuciyar Inna, Ka kwance wa Zainabu ɗaurin da take ciki, Ka raya Rabi. Amin.

Naka mai biyayya har kullum,
Iliya, Sarkin Baki, wanda ya kula da shinkafa.

Af, saura kaɗan in manta da maƙasudin wannan wasiƙa. Butar shayina, shuɗiyar nan da na saya a kasuwar Tawa, wadda ka ara don shayin bankwana, ka kulle ta a ɗakinka ko wanke ta ba ka yi ba. Ina hango ta ta tsagar ƙofa, tana kan akwatinka. Ƴan fada sun ishe ni da gori, da wata lotsattsiya muke dafawa. In kana raye, ka aiko da makullin ta hannun duk ɗan Adar da ka gani, ba su ƙaranci a ko'ina. In kuwa ɗayar ce, to ka ziyarci Inna cikin barcinta, kai kaɗai take ji. Ba sai ka yi mata bayanin kanka ba. Ka ce kawai butar Iliya na ciki, a bar shi ya ɓalle kwaɗon. Za ta gane sauran. Na riga na ari guduma, tana ƙarƙashin tabarmata.